Firam Mai Launi Biyu

Akwai wani mutum, sunansa Filibus, kafinta ne. Ya yi ƙuruciyarsa a ƙauye, ya ƙarar da ƙarfinsa a birni yana aikin katako, har kansa ya yi furfura, ya ajiye aiki ya zauna a gida. Mutumin kirki ne, kada wani ya fita ya ce na ɓata shi. Ba ya fashin sujada, shi ke gyara bencinan majami'arsu ba tare da an roƙe shi ba, in kuma aka ta da waƙa muryarsa ce ke riƙe ɓangaren maza. Abu ɗaya ne da shi: in ya ƙulla magana a ransa, to, sai dai a bar shi da Mahaliccinsa.

Yana da ƙane guda, Kefas, wanda duk gida ke kira Auta. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Amma shekara da shekaru ba sa ga maciji, kuma a kan itace ne.

A ƙofar gidansu na ƙauye akwai wani maɗaci da kakansu ya dasa. Ku yaran yanzu kun san maɗaci a bakin titi kawai, ba ku san shi a matsayin ɗan gida ba. A gindin wannan itace masu bi na ƙauyen suke taruwa ranar Lahadi tun kafin a gina majami'a, kowa da buzunsa ko ɗan dutsensa. A nan mahaifinsu ya koya musu karatu, yana zana baƙi a ƙasa da tsinke. A nan mahaifiyarsu take ajiye turminta, kana jin sautin dakanta tun daga bakin rafi ka san tuwo ya kusa. In cikin yaro ya murɗa, sai ta ɓantaro ɓawon itacen ta jiƙa a ƙwarya, ta matse maka hanci ta ɗura maka. Kai! Wanda ya sha wannan jiƙo ba sai an gaya masa dalilin da ya sa ake kiran itacen maɗaci ba.

Filibus ya tafi birni. Kefas ya zauna, yana noma, yana duba iyayensu. Bayan mahaifinsu ya rasu, gara ta shiga itacen ta ƙasa, wata iskar farkon damina kuma ta zo ta tsaga shi, ya karkata kan ɗakin tsohuwa. Kefas ya duba, ya ga in aka ƙara iska ɗaya ɗakin zai tafi da wadda ke ciki, sai ya kira mutane suka sare shi. Bai aika wa yayansa ba. A nan ya yi kuskure, gaskiya, domin a gidajenmu ba a taɓa abin kakanni sai an ji ta bakin babba, ko da babban zai ce to ne kawai.

Da Kirsimeti Filibus ya zo gida. Tun daga nesa ya ga sararin sama a inda ya saba ganin ganye. Ya iso ya tarar da kututture. Bai tambayi dalili ba, bai ko sauke jakarsa ba, a gaban mutane ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan nan ba muddin wanda ya yi wannan aika-aika yana ciki. Kefas kuwa shi ma jinin gidan ne, bakinsa bai mutu ba. Ya ce wanda yake son inuwa ai shi ya kamata ya zauna ya riƙa share gindinta. Shi ke nan. Magana zarar bunu ce, kowannensu ya zaro tasa, ba ta koma ba.

Daga baya Kefas ya sa masu tsaga katako suka fitar da allo biyu masu kyau daga inda gara ba ta ci ba. Ya riƙe ɗaya, ya ɗora ɗaya a mota ya aika wa yayansa, wai ga rabonsa. Filibus bai ce ya gode ba, bai kuma mayar ba. Ya cusa katakon a rufin kicin, inda hayaƙi yake dukansa safe da yamma, ya manta da shi, ko kuma ya yi kamar ya manta. Ranar da aka binne mahaifiyarsu, wannan ya tsaya a gabashin kabari, wancan a yamma. Allah sarki, tsohuwar nan ta tafi da wannan baƙin ciki.

To, ana nan, tsufa ya zo wa kowa. Labari ya iso birni cewa ɓarin jikin Kefas ya shanye, ba ya iya zuwa gona, sai dai a fito da shi ƙofar gida ya sha iska. Matar Filibus, Afiniki, ta gaya wa mijinta. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da cin tuwonsa. Ita kuwa ta san abin da take tsoro: kada wata rana a aiko da labarin mutuwa, mijinta ya ƙare kwanakinsa da maganar da ba shi da wanda zai gaya wa.

A cikin wannan hali 'yarsu Damaris ta zo da wani abu a naɗe, dogo kamar tabarma. Ashe wani ɗan tsohon hoto ta tsinta a ƙasan akwatin uwarta, wanda bai fi tafin hannu ba, ta kai shi shagon masu hoto suka buga mata shi babba, kusan rabin ƙofa. Da aka warware shi a kan tebur, Filibus ya nemi kujera ya zauna.

Hoton gidansu ne, wanda aka ɗauka wata ranar Kirsimeti yana yaro. A zamanin, mai hoto a kan keke yake zuwa, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake shigar da kansa ciki, sau ɗaya a shekara in an yi sa'a. Ga mahaifinsu a zaune a tsakiya da hularsa. Ga mahaifiyarsu a tsaye, ta sunkuyar da kai don kunya. Ga 'yan'uwa mata da sababbin zannuwa na yadi ɗaya. Ga maɗacin a bayansu, ya cika saman hoton da ganye. Ga shi kansa Filibus kusa da uwarsa, cikin farar riga, ya miƙe tsaye ƙyam, yana murmushi. Can a ƙarshen hoton kuma, manne da shi, rabin jikinsa a bayansa, ga Kefas, ɗan ƙarami, ya murtuke fuska kamar wanda aka ƙwace wa nama. Duk mutanen da ke cikin wannan hoto, su biyun nan ne kaɗai suka rage a duniya.

Filibus ya daɗe yana kallo. Ya nuna wa Damaris kakanninta, ya kira sunan kowa, har da na karen da ke kwance a gefe. Ya sake ba su labarin da suka ji har sun haddace, cewa a shekarar nan ciwon kurkunu ya kama shi a ƙafa, ya yi wata da watanni a kwance ana naɗe masa tsutsar a tsinke, amma da mai hoto ya zo ya ce shi fa ba za a ɗauke shi a zaune kamar gurgu ba, ya tashi ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce su dubi yadda ya tsaya, namiji tun yana yaro. Da yatsansa ya kai kan Kefas, sai ya ja tsaki. Ya ce su dubi fuskar nan, ranar farin ciki kowa na dariya shi yana ɓacin rai, tun asali haka halinsa yake.

Ya ce shi da kansa zai yi wa hoton firam, ba zai bar wani yaro ya lalata masa da katakon banza ba. Hoto mai girma haka, in ji shi, yana son katako busasshe mai ƙarfi, wanda zai ɗauki nauyin gilashi bai buɗe baki a kusurwa ba. Ya zaga kasuwar katako bai ga wanda ya yi masa ba, duk ɗanye ne. Ya dawo gida yana gunaguni. Afiniki tana hura wuta, sai ta ɗaga kai ta kalli rufin kicin. Shi ma ya kalla.

Aka sauko da katakon. Hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin, ya bushe ƙayau, in ka ƙwanƙwasa shi yana amsawa. Da ya fara kankare shi, ƙanshin maɗaci ya tashi, garin katakon ya taɓa masa leɓe, ya ji ɗacin nan na ƙwaryar uwarsa. Ya ajiye aikin ya fita waje, wai gari ne ya shiga masa ido.

Gefe ɗaya na allon ya tsage, saboda haka abin da ya samu mai kyau bai wuce sanda huɗu ba, biyu dogaye na sama da ƙasa, biyu gajeru na gefe. Daidai wa daida, babu ragi. Ya goge su, ya fitar musu da gurbi ta baya inda gilashi da hoto za su kwanta, ya bar leɓe ta gaba wanda zai riƙe su. Aikin ya yi kyau, domin hannun bai manta ba. Saura awo da yankan kusurwa.

Ya shimfiɗa hoton ya auna tsawonsa daga gefe zuwa gefe. Sai ya tsaya. Ya sake aunawa, amma wannan karon daga gefen 'yan'uwansa mata zuwa kafaɗarsa shi kansa, ya tsaya nan. Bambancin taƙi guda ne, wato buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya. A cikin wannan taƙi Kefas yake.

Afiniki ta kawo masa kunu, ta ga inda ya yi alama, ta gane. Ta ce, “Maigida, yanke shi za ka yi?”

Ya ce, “Wa ya ce zan yanke shi? Ni ban taɓa shi ba. Lanƙwasa gefen zan yi ta baya. Yana nan, ba dai za a gan shi ba.”

Ta tuna masa abin da shi da kansa yake gaya wa yaran da ya koya wa aiki, cewa zarto ci yake yi, ba ya amai. Ya ce ya sani, ba yau ya fara riƙe zarto ba. Ya ɗora sandunan nan biyu dogaye, ya rage wa kowanne taƙi guda, ya yanka bakinsu a karkace yadda za su haɗu da na gefe. Guntayen suka faɗi ƙasa. Afiniki ta tsince su, ba ta sa a wuta ba.

Kashegari da hantsi ya fito da tebur tsakar gida inda haske yake, don ya gwada kafin ya sa gam da ƙusa. Ya jera sandunan huɗu a kan hoton. Kusurwoyi suka haɗu, ko gashi ba zai ratsa ba. Kefas ya ɓace a ƙarƙashin katako, hoton ya ƙare a kafaɗar Filibus, kamar dama can shi ne ɗan autan gidan. Ya ja da baya ya duba, ya ce yawwa.

Sai ya lura da wani datti a jikin farar rigarsa ta cikin hoton, a wajen kwiɓi, ta ɓangaren da uwarsa take. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jere. Ya hura, bai tafi ba. Ya sa farce ya kankara a hankali, bai tafi ba. Ya fara faɗa, wai masu hoton nan na zamani ba su iya komai ba sai ɓata wa mutane kaya, ya kira Afiniki ta zo ta ga irin aikin da aka yi wa 'yarta. Ta zo ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙa masa tabaraunsa.

Ta ce, “Ba datti ba ne. Yatsu ne.”

Ya sa tabarau. Yatsu huɗu ne ƙanana, sun zagayo ta bayansa, sun cukuikuye rigar, har yadin ya tattare a tsakaninsu. A ƙaramin hoton ba wanda ya taɓa ganinsu, sai da aka buga shi babba suka fito. Ba na uwarsa ba ne, hannayenta biyu suna gaba a haɗe. Ya ɗaga sandar gefen nan da ya rufe ƙanensa da ita. Ga kafaɗar Kefas ta shige bayansa, ga hannun ya tafi.

Nan take ranar ta dawo masa, ba yadda ya saba ba da labarinta ba, yadda ta faru. Ya tuna ya yunƙura ya tashi, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, duniya ta juya masa. Ya tuna mahaifinsa ya ce a kawo masa kujera, shi kuwa ya fashe da kuka don kunya. Ya tuna wani ɗan ƙaramin jiki ya shigo ta gefensa, ya tokare shi da kafaɗa, ya ce masa a kunne, “Yaya, jingina, ba wanda zai gani.” Mai hoto ya shiga ƙyallensa ya yi ta gyare-gyare, yana cewa kada kowa ya motsa, ya daɗe kamar ba zai fito ba. Da aka gama, su biyun tare suka zube ƙasa, mutane suna dariya. Aka kawo shinkafa da nama, abincin da ake gani sau ɗaya a shekara, Kefas ya kasa ɗaga hannun damansa, da hagu ya ci, har wata gwaggo ta make shi don rashin ladabi.

Ashe fuskar nan da ya murtuke ba ɓacin rai ba ne. Nauyin yayansa ne.

Filibus ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji tausayi, ya ji kewar ƙanensa ta taso masa gaba ɗaya. Ya yi ƙoƙarin matsar da sandar gefe don Kefas ya shigo, amma na sama da na ƙasa ba su kai ba, kusurwa ta buɗe baki. Afiniki ta kawo guntayen da ta ajiye. Ya jujjuya su ya girgiza kai, ya ce ko an manna ba za su ɗauki nauyin gilashi ba, wata rana sai sun saki. Ta ce to a sayo wani katakon a kasuwa. Ya ce ai ya zaga, duk ɗanye ne. Ya san maɗacin gidansu allo biyu ya bari a duniya, ya kuma san inda ɗayan yake.

Ya naɗe hoton, ya ɗaure sandunan gefe biyu da kayan aikinsa, ya shiga motar ƙauye. Zumunci a ƙafa yake, ko da ƙafar ta yi rantsuwa.

Da ya sauka, sai ya yi tsammanin ya ɓata hanya, domin a ƙofar gidansu akwai inuwa. Wani maɗaci ne, kusa da inda tsohon yake, ya yi tsawo ya wuce rufin ɗaki. Kefas ne ya dasa shi shekarar da aka sare wancan. Ku auna da kanku irin daɗewar fushin da itace zai tsiro a cikinsa har ya yi inuwa.

A gindinsa ga wani tsoho a zaune a kan benci, ya rame, hannu ɗaya a kwance a cinyarsa. Filibus ya yi sallama. Tsohon ya ɗaga kai, ya gane muryar kafin ya gane fuskar. Kun san al'adarmu, ƙane ba ya karɓar gaisuwar yayansa a zaune. Kefas ya dafa benci da hannunsa mai lafiya ya yunƙura. Jikin ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya taso rabi, ya tafi zai kifa. Filibus ya watsar da kayansa, ya shiga ta gefensa, ya zagaya hannu ta bayansa ya cafki rigarsa, ya tokare shi da kafaɗa. Suka tsaya, tsofaffi biyu, jingine da juna.

Kefas ya juyo ya dubi yayansa, ya ga ya haɗe gira, ya cije leɓe. Ya ce a hankali, da harshensa da ya yi nauyi, “Yaya, ka murtuke fuska. Har yanzu fushin ne?”

Filibus ya ce, “A'a, Auta. Nauyi ne.”

Ban san wanda ya fara kuka a cikinsu ba. Matan gida suka fito suka tarar da su a haka. Da suka zauna, Filibus ya roƙi gafara a kan maganar da ya yi, Kefas ya roƙi gafara a kan aiken da bai yi ba. Aka warware hoton. Filibus ya nuna masa yatsun, bai kuma ɓoye masa abin da ya yi da zarto ba. Ya ce ya zo roƙon katako ne. Kefas ya yi dariya da rabin bakinsa, ya bubbuga bencin da suke kai, ya ce ai a kansa suke zaune, amma sai yayansa ya san inda zai zaunar da shi in an ɗauke bencin.

Filibus bai koma birni a makon ba. Ya fara yi wa ƙanensa kujera mai majingina da wurin ɗora hannu, sannan ya kwance bencin ya fitar da sanda biyu dogaye, wannan karon ya auna har ƙarshen takarda. Katakon Kefas ja ne, zaman shekaru ya goge shi yana sheƙi. Na Filibus kuwa hayaƙi ya shige shi, duk kankarar da aka yi bai bar duhunsa ba. Damaris da ta zo da gilashi ta ce a shafa musu fenti su zama iri ɗaya. 'Yan'uwan biyu suka ce a bar shi haka. Aka rataye hoton a ɗakin tsohuwa, sama da ƙasa ja, gefe da gefe baƙi, kowa yana ciki.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana. Hoton nan shi ne mutanen da Allah ya sa a rayuwarka: gidanku, danginku, ikilisiyarku. Ba kai ka jera su ba, ba kai ka zaɓi wanda zai tsaya kusa da kai ba, haka ka buɗe ido ka gan su. Firam kuwa zuciyarka ce, kuma awon a hannunka yake. Allah ya ba ka katako daidai wa daida, wanda zai ɗauki kowa. In ka ga wani bai shiga ba, kada ka ce zuciyarka ce ƙarama, kai ne ka rage ta.

Na kuma san irin maganarmu, domin ina jinta kullum. “Ni ba na gaba da shi, ba ruwana da shi ne kawai.” “Na yafe masa, amma kowa ya tsaya a inda yake.” Wannan ita ce lanƙwasawar Filibus. Ba ka yanke shi ba, ka dai tura shi baya inda ba za ka gan shi ba, ka zo nan ka zauna a benci na gaba kana waƙa. Wa kake ruɗi? In rana ta fito, tafin hannu ba ya kare ta.

Yatsun nan su ne alherin da aka yi maka ka manta. Dukanmu muna da labarin yadda muka tsaya da ƙafarmu, mun ba da shi har mun gaskata. Amma ba wanda ya tsaya shi kaɗai. Akwai wanda ya tokare ka ranar da ƙafarka ta ƙi, sau da yawa kuma shi ne wanda yau kake cewa dubi fuskarsa. Ka taɓa tambayar abin da ya sa fuskar ta zama haka? Wataƙila kai yake ɗauke da shi. A bayan dukan waɗannan hannaye kuma akwai hannun Ubangiji, wanda ya ɗauki nauyin zunubinmu bai saki ba, mu kuwa muna gaba muna murmushi kamar ƙarfinmu ne.

Ku lura da wannan kuma, domin a nan maganar take. Da Filibus ya gane kuskurensa, bai iya gyara shi a tsakar gidansa ba. Kuka bai ƙara wa katakon tsawo ba. Abin da zai cike taƙin da ya yanke yana wurin mutumin da ya yanke. Haka yake a gare ka. Kana iya yin nadama a ɗakinka har shekara, ka yi addu'a, ka yi azumi, duk suna da kyau, amma sai ka tashi ka je. Kada kuma ka damu in abin da kuka haɗa bai zama launi ɗaya ba. Shekarun da suka wuce sun wuce, alamarsu za ta zauna, amma firam mai launi biyu yana riƙe hoto.

Filibus ya yi sa'a, ya tarar da ƙanensa a kan benci. Ba kowa ke tarar da haka ba, wani benci kawai yake tararwa. Tun da na fara wannan misali na ga waɗansunku sun sunkuyar da kai, na san akwai sunan da ya zo muku. Ba sai kun gaya mini ba. In an tashi daga nan, kafin ku ci abincin rana, ku tambayi hanyar gidansa.